Ranar da Hannuna Ya Daina Gane Ruwan Zafi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yafe mini. Yau dai zan faɗa.

Kun tuna hotunan da na dame ku da su, na yawon tsibirai a jirgin ruwa, ni da ƙanwata Talatu. A wani tsibiri aka ba mu gilashin ido da bututun numfashi, muka kwanta a saman ruwa muna kallon ƙasa. Na ga kunkurun ruwa, na ga kifaye masu launi kamar atamfa.

Sai na ga wani dogon kifi, fari sol, haƙoransa a waje. Duk sauran suna yawo, shi yana tsaye cak. Ni yake kallo. Na juya, ya juyo. Ba shiri na fita daga ruwan.

A bakin ruwa aka gasa mana kifi. Talatu ba ta cin kifi. Ni kuwa, kun san ni, har ƙari na nema.

Kafin la'asar amai da gudawa suka kama ni. Bayan kwana biyu suka tsaya, na ce shi ke nan.

Da muka dawo gida Lanham na buɗe famfo zan yi alwala, ruwan sanyi ya ƙone ni kamar na taɓa garwashi. Na duba hannun, ba ko ja. Haƙorana kuma ji nake duk suna girgiɗi, na taɓa, suna nan daram.

Talatu ta ce, "Yaya, anya ba mutanen ruwa kika gamu da su ba?" Na yi mata dariya.

Ban da Talatu, na ɓoye wa kowa, kuma ga dalili. 'Yata Hauwa ta haihu kwana goma bayan dawowarmu, jikana na fari. A gidanmu kaka ce ke wa jariri wanka har a yi arba'in. Uwata ta yi wa Hauwa, ni ma shekaru nake jiran nawa. Na san in na yi magana za a karɓe mini wankan.

Ranar wanka na uku na haɗa ruwa a baho, na tsoma hannu, na ji salam-salam. Na tuɓe jaririn, na ɗaga shi.

Hauwa ta shigo da tawul. Ta ce, "Mama, tsaya. Wannan tururin fa?"

Ta sa gwiwar hannunta a ruwan ta fizge. Nan take fatar ta yi jawur. Ƙafafunsa saura kaɗan su taɓa ruwan.

Ta karɓe shi daga hannuna, ta naɗe shi a tawul ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kai ni asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoton kai, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Komai lafiya, sai zuciyata da ke bugawa a hankali. Aka kwantar da ni kwana uku ana ƙarin ruwa. Inshora ta ɗauki mafi yawan kuɗin.

Wata likita ce ta tambaye ni, "Kin ci kifi a tafiyar?" Ta nuna mini hoto a wayarta. Dogon kifin nan ne, da haƙoransa.

Ta ce guba ce da ke taruwa a naman manyan kifayen can, wuta ba ta kashe ta, kuma tana rikita jijiyoyi. Maganinta haƙuri. Ta hana ni kifi, gyaɗa da kofi na watanni. Ni da ƙuli-ƙuli, ku taya ni jimami.

Aka yi arba'in ban sake yi wa jikana wanka ba. Wannan ya tafi, ba zai dawo ba, kuma na yi kuka a kansa.

Alhamdulillahi, yanzu sanyi sanyi ne, zafi zafi ne. Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da Talatu da ta yi jinyata.

Shawarata: in kun je tsibiran nan, ku tambayi irin kifin da aka gasa, ku guji manya. In jiki ya canza bayan tafiya, ku gaya wa likita abin da kuka ci. Kada ku ɓoye ciwo don gudun a karɓe muku wani abu.

Jiya Hauwa ta miƙo mini yaron da soso. Ni na haɗa ruwan. Kafin in sa shi, ta durƙusa ta tsoma gwiwar hannunta, tana kauce wa idona.

Na ce, "Ki riƙa yi kullum, Hauwa. Ko na ce miki na warke."