Mushe Mumuni da Gautan Inna

Mumuni mijin ƙanwata Khairiya ne, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa bai cika mini ido ba. A Sokode aka haife shi, can ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, can kuma ya samu aiki a wani biro, wato ofis, na ma'aikatan gona. Aikin me? Shara, kai takarda, dafa wa manya shayi. Shekara ashirin da biyu yana wannan, hannunsa bai san ƙotar fartanya ba. Amma da ya ajiye aiki suka dawo gidanmu na Zongon Dapaong, sai ka rantse shi ya koya wa gero tsiro. Ya zo da akwati ɗaya, da rediyo, da tukwanen fure uku, ya kuma ce daga yau a riƙa kiransa Mushe Mumuni, yadda ake kiran 'yan boko.

Mu kuwa 'ya'yan mahauta ne. A gidanmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, wadda ake ja da igiya a kai bayan gari. Ranar da ya faɗa sai da na shiga ɗaki na yi dariya har da hawaye. Ni dai na karɓa hannu biyu, safe da yamma Mushe nake ce masa. Khairiya ce ta ƙi. Ta ce bakinta ba zai iya kiran uban 'yarta da wannan suna ba. Baban Rahma take cewa, ko a gaban baƙinsa, shi kuma yana ta ƙunƙuni wai matarsa ba ta waye ba.

A bayan gidan akwai lambun Innarmu, Allah ya jiƙanta. Ɗan wuri ne, taku goma ka gama shi: yakuwa, lalo, alayyafo, da lalle a jikin katanga. Amma abin da Inna take ji da shi farin gauta ne, irin da ta zo da shi daga Korbongu tun tana amarya. Ba ɗaci, ga zaƙi, ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba. Da ta rasu, Khairiya ta gaji lambun da gwangwanin madara mai ɗauke da ragowar irin. Duk bazara takan yafa rabi a ƙarƙashin rumfar ciyawa, ta ajiye rabi. Ta kewaye wurin da ƙaya saboda awakin unguwa, ta riƙa shayar da shi da ruwan wankin shinkafa da na alwala, don a watannin nan rijiyarmu sai ka zura guga sau uku kafin ka cika bokiti. Ba ta dasawa sai damina ta zauna sosai.

Shi kuwa gogan yana kan kujera a gindin darbejiya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba da umarni. Shi ba lambu yake cewa ba, wai jardan. "A Sokode ba haka ake yi ba." "A Sokode wa zai tara ƙaya a gida kamar makabarta?" "A Sokode yanzu ai an gama dashe." Na ce masa, "Mushe, Sokode ruwanta da wuri yake sauka. Nan arewa ce. Mu ruwan farko ba ma yarda da shi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaya Gwamma, ilimi daban, al'ada daban." Kai! Mutumin da ko barkono bai taɓa rayawa a tukunya ba.

Bana, farkon Afirilu, muka tafi suna Gando ni da Khairiya, kwana huɗu. Kafin mu fita ta cika masa jarka biyu, ta nuna masa yadda zai yayyafa wa 'yan gautan safe da yamma. Ta ce, "Baban Rahma, don Allah ban ruwa kawai. Kada a taɓa komai." Ya ce ta je hankali kwance, ai ta bar wa masani.

Washegari aka yi ruwa, irin wanda muke ce wa ruwan mangwaro. Yakan zuba rabin sa'a ya wanke ganye ya tafi abinsa, sai bayan wata ɗaya da rabi a sake ganin hadari. Yaron goye ma a Dapaong ya san wannan. Mushe bai sani ba, kuma bai tambayi kowa ba. Ya tuɓe riga ya rushe rumfar, ya tumɓuke 'yan gautan da ko ganye huɗu ba su yi ba, ya jera su layi-layi a fili da igiya da ma'auni. Ya kwashe ƙayar ya ƙone, ya kafa farar tsakuwa a madadinta don wurin ya yi kyan gani. Da ya ga layi biyu sun rage ba komai, sai ya shiga ɗakin Khairiya ya ɗauko gwangwanin ya zazzage shi kaf. Ruwan jarka kuwa furanninsa ya bai wa, tunda a lissafinsa sama ta karɓi aikin gauta.

Muka dawo ranar Alhamis da azahar, rana kamar ta fasa kai. Abin da rana ta bari, awakin Awudu makwabcinmu sun gama da shi, kaji kuma sun tone layin irin tas. Furanninsa ne kawai ke tsaye, jajaye wur, don su ƙaya gare su, akuya ba ta kusantarsu. Wato ƙayarsa ta 'yan boko ce, tamu ce ta ƙauye.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Khairiya ta riƙe mini hannu. Shi ko kunya babu, yana tsaye yana bayani: ƙasar nan ce ba ta da kyau, awakin nan ba su da tarbiyya, a Sokode da tuni sun yi fure. Khairiya ta wuce shi ta shiga lambun. Ta tsugunna ta tona ƙasa da yatsa, wuri uku, huɗu, ba ta samu ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ɗauki gwangwanin Inna da ya yar a gindin lalle, ta girgiza shi a kunnenta, ta goge shi da bakin zane, ta shige ɗaki da shi. Wallahi da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar ta tuƙa tuwo kamar kullum, ta kai masa gindin darbejiya, ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Mushe, ga abincinka."

Ya washe baki, ya juyo wurina ya ce, "Kin gani, Yaya Gwamma? Yau dai ƙanwarki ta waye."

Shekara uku ina kiransa da sunan nan ina dariya. Ranar ban yi dariya ba, kuma har yau Khairiya ba ta sake ce masa Baban Rahma ba.