Makon da Iya Ta Hana Ni Yatsanta

Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa yin tatsuniya hannunta na zaune ba. Lokacin sanyi, da an ci tuwon magariba, sai ta tura kara biyu cikin wutar da ke ƙofar ɗakinta, ta jawo mazarinta da 'yar audugarta, ta shafa alli a yatsu. Mu jikoki kuma mu yi ta ture-ture, kowa na neman gefen da hayaƙi ba ya bi. In ta ga mun natsu sai ta ce, "To, ga ta nan tafe da ƙafarta." Mu amsa, "Ta iso, mun share mata wuri." Ƙauyenmu yana can bayan Mabai, kuma a duk faɗinsa ban san wanda ya kai Iya riƙe magana ba. Abin da ka faɗa mata bara, da yadda ka faɗe shi, yana nan a ajiye.

Ni ce na gado ta, kuma gadon nan ne ya kusa kai ni ya baro. Shekarun ne da aka ce kuɗin fetur sun zo, gwamnati ta ce boko kyauta ne ga kowane yaro. Aka gina mana aji mai rufin kwano, aka cusa mu ciki har wasu na zama a taga. Malam ya karanta abin da ke allo, mu maimaita. Ni Hansatu, sau ɗaya nake ji in haddace, muryata kuwa ta fi ta kowa tashi. Shekara uku ina wannan ihu, kowa ya ɗauka na iya karatu, har Baba yana ba da labarina a kasuwar Ƙanƙara. Gaskiyar magana, na san baƙaƙe, ina iya haɗa kalma in na yi da gaske, amma kafin in kai ta uku ta farkon ta gudu, sai in ga takardar ta zama tururuwa.

Tun ranar da aka rubuta sunana Baba ya yanke magana. Ya ce, "Damina uku na ba boko. In ta iya, ta ci gaba. In ba ta iya ba, ta dawo ta kama wa uwarta suyar ƙuli." Baba ba ya magana biyu. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar me, kuma damina ta ukun ta riga ta wuce.

Ana nan sai aka kawo mana sabon malami, Malam Sada, da akwatin littattafai a bayan kekensa. Wata Juma'a ya raba wa kowa ɗan littafi da kati mai gida bakwai. Ya ce makon karatu za a yi. Kowace yamma, kwana bakwai, sai ka karanta wa wani babba a gida, shi kuma ya dangwala maka yatsa a gida guda. Juma'a mai zuwa iyaye za su zo, kowa ya miƙa katinsa ya yi karatu a gabansu. Wanda ya cika bakwai kuma ya fi iyawa zai tafi da littafi nasa na kansa. Yara suka yi ta tsalle. Ni ma na yi, don kar a gane ni.

Na zaɓi Iya don ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Na ce a raina, ai wannan tuwona maina. Littafin yana da hotuna: wata mata, da akuya, da babbar mota. Yammar farko na zauna kusa da wuta, na ɗora yatsa a layi kamar yadda malamai ke yi, na kalli hoto na shiga zuba. Na ce wata Delu ce ɓarayi suka sace mata jar akuya suka sa a mota za su kai kasuwar Ƙanƙara, ta bi su da ƙafa tana kuka. Ƙannena suka saki baki. Iya ta ce, "Ikon Allah! Duk wagga magana cikin 'yar takardar ga take?" Ta shafo baƙin tukunya ta dangwala mini. Na kwanta ina jin kaina kamar wadda ta ci kasuwa.

Washegari na buɗe zan ɗora daga inda na tsaya, sai Iya ta ce, ba tare da ta ɗago daga kaɗinta ba, "Koma mini na jiya tukuna, ya yi mini daɗi." Na koma. Da na gama ta ce, "Oho." Sai ta tsinke zaren da haƙori. "Jiya matar Delu ce, yau na ji Kande. Jiya Ƙanƙara za su, yau sun nufi Faskari. Halan direban ne ya ɓata hanya." Yara suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa take. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na jira ta tona ni. Maimakon haka sai ta ce in rufe littafin, yau ita ke da baki.

Ta ce an yi wata yarinya da uwarta ta ba ta babban tulu ta ce ta riƙa ɗebo ruwa a rafi. Yarinyar ta je ta tarar tulun ya fi ƙarfinta, in ta tsoma shi sai ruwa ya nemi janye su tare. Kunya ta hana ta faɗa. Sai ta toshe bakin tulun da ganye, ta ɗora a kai, ta dawo tana rangaji tana nishi kamar mai ɗauke da kaya. Mutanen gari suka ce, kai, wance akwai ƙoƙari. Kullum haka, tulu ba ko ɗigo. Rannan uwar ta kwanta zazzaɓi, ta ce, ɗiyata, ba ni ruwan tulunki in sha. Yarinya ta ɗauki tulu ta ruga rafi, ta zauna a bakin ruwa tana kuka. Wata tsohuwa mai wanki ta tambaye ta mi ya faru, ta faɗa mata. Tsohuwar ta ce, "Wa ya ce miki tsoma tulu ake yi?" Ta miƙa mata ludayi, ta ce, "Ni in riƙe tulun, ke ki yi ta ɗiba." Ludayi ɗaya, ludayi biyu, har ya cika, suka kama shi tare zuwa gida. Iya ta ce, "Nan ta tsaya, kowa ya ɗauki rabonsa." Ta kori yaran su je su kwanta.

Ni ban tashi ba. Na miƙa mata katin. Ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Yatsan ga ya yi shaidar zur jiya bai sani ba. Yau ya sani." Nan na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har da yadda kalmomi ke guje mini. Na ce in Baba ya ji, na bar makaranta ke nan. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ke dai kin cika sakarci. Kina da ni a gida kike kukan mantuwa? Gobe ki haƙo su ɗaya-ɗaya ki miƙo mini, ni zan riƙe."

Haka muka yi. Yamma ta uku na sa yatsa a kalmar farko na yi ta fama da ita har ta fito, na faɗa, Iya ta maimaita. Na haƙo ta biyu, ta haɗa da ta farko ta maido mini. In mun kai ƙarshen layi sai ta faɗe shi gaba ɗaya da muryar tatsuniya, in ji ashe magana ce sosai na karanta. Layi uku muka yi a yammar nan, ina gumi a cikin sanyi. Ƙannena suka gaji da jira suka yi barci a kan tabarma. Abin haushi, ashe ba a saci akuyar ba ma. Sunan matar Asabe, kuma motar ta masu allurar dabbobi ce da suka zo ƙauye. Iya ta yi dariya har mazari ya faɗi. Ta ce, "Wallahi naki ya fi daɗi. Amma wanga shi ne a rubuce." Ta dangwala mini gida na uku, na biyun ta tsallake shi.

Na roƙe ta ta cike shi, tunda ba wanda zai sani. Na yi magiya, na yi fushi, na ce ba ta ƙaunata. Ta ce, "Ki yi ta fushi, ba ya hana ni cin goro." Yamma ta huɗu muka yi rabin shafi. Ta biyar, muna tsakiyar layi, sai ta maido mini da cewa Asabe ta kai tunkiya. Na duba takarda na ce, "Iya, akuya dai." Ta ce tunkiya ta ji. Na nuna mata kalmar da yatsa, na ce ga ta nan, akuya ce, kamar tana iya gani. Ta ce, "To, ke da littafinki kun fi ni gaskiya," tana murmushi ƙasa-ƙasa. Sai daga baya na gane da gangan ta yi. Yamma ta bakwai kuwa na miƙa mata kalma na ji shiru, na waiwaya na ga ta jingina da bango ido a rufe. Na ce bari in ci gaba kafin ta farka. Sai da na kai ƙarshen shafi ni kaɗai na ji ta ce, ido a rufe, "Ashe dai akuyar ta warke."

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar makaranta. Baba ya zo da rigarsa ta zuwa masallaci, ya zauna a sahun gaba, don shi a saninsa 'yarsa ce za ta ɗauki kyauta. Da aka zo kaina, Malam Sada ya juya katin ya ce, "Hansatu, gidan Asabar fa?" Na ce Iya ce ta ƙi. Ya ce don me? Na ce, "Don ban yi karatu ba, Malam. Hoto na kalla na ƙirƙira. Na Juma'ar ma da ta dangwala, haka na yi." Wasu iyaye suka yi dariya, yara suka hau ƙus-ƙus. Ban iya kallon inda Baba yake ba, amma na ji lokacin da ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi in zai tashi daga wuri.

Malam Sada ya miƙo hannu. Ya karɓi littafina ya ajiye, ya zaro wani daga akwati wanda ban taɓa gani ba, marar hoto ko ɗaya, ya buɗe tsakiya ya ce, "Bismilla." Takardar ta fara zama tururuwa. Na sa yatsa a kalmar farko, na haƙo ta, na faɗa da ƙarfi. Ba mai maimaita mini, sai na maimaita wa kaina a zuci, na tafi ta biyu. Na yi tuntuɓe sau biyu, na koma baya na gyara. Magana ce a kan yadda ake haƙa rijiya. Layi biyar na karanta, kuma na tabbata an fi ƙarfin minti biyar ana jirana. Malam ya ce ya isa. Kyautar dai wani yaro ɗan garin Ketare da ke zaune wurin kawunsa ya ɗauka, kuma ya cancanta.

A hanyar gida Baba yana gaba ina binsa har muka wuce gonakin auduga. Ni dai na riga na fara jin ƙaurin ƙuli a hancina. Can sai ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Shekara uku kina cin amanata." Na ce, "Na tuba, Baba." Ya ce, "Abin da kika karanta yau, dutsen da aka ce in an tarar a rijiya a hura masa wuta har ya fashe, haka kakanki yake yi. Wanga kam ba ki ƙirƙira ba." Ya ci gaba da tafiya. Sai da muka kusa ƙofar gida ya ce, "Litinin ki tashi da wuri, kar ki makara." Na ruga ɗakin Iya na faɗa jikinta har na ɓarar mata da audugar. Ta ce, "Ke, ɗaga ni, ƙashina ba na roba ba ne!"

Na daɗe ina ɗauka darasin makon nan shi ne kar a yi ƙarya. Sai da na girma, na yi shekaru ina koyar da matan aure karatu a Sabuwa da Faskari, na ga ashe kama mai ƙarya ba wuya. Kowane aji akwai mai tulu da ganye a baki: wadda kullum ke cewa ta manto tabaranta, da wadda ta haddace shafi daga bakin 'yarta. Ina gane su tun ranar farko, don na san nishin. Abin da ke da wuya shi ne ka gane mutum, ka ƙi sa masa hannu, kuma ka ƙi kunyata shi, sannan gobe ka zauna kusa da shi ka taya shi ɗauka. Iya ta rasu ba ta san baƙi ko ɗaya ba, Allah Ya ji ƙanta, amma ita ta koya mini karatu, kuma ina faɗin haka a gaban kowa.

Wata dattijuwa a Sabuwa, mai jikoki takwas, ta taɓa tsayawa bayan an tashi aji. Ta jira kowa ya fita, ta rufe littafinta ta ce, "Malama, wata uku ina yaudararki." Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Na jawo benci na zauna kusa da ita, na ce, "Hajiya, ni shekara uku na yi. Buɗe mu fara."