Mama Veneranda da Hannun Mai Rake

"Sha tara! Ba ki gani ba ne? Sha tara ta nuna!"

"Na gani, Baban Kalisti. Ajiye allurar nan."

"Jikina ne ko naki?"

"Naka ne. Amma in ka faɗi ni za a kira. Ajiye."

Mai ihun babana ne. Rake yake ferewa yana sayarwa a tashar motar Ifakara, ciwon sukari kuma ya daɗe a jikinsa. Wadda ke tsaye a kansa Mama Veneranda Likwelile ce, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwarmu. Kullum da safe, kafin ta shiga aiki, sai ta zaga a tsohon kekenta ta leƙa masu sukari. Ran nan ta tarar da baba yana gumi, hannunsa na rawa, ya zuƙi insulin, maganin sauke sukari, a sirinji fiye da yadda aka rubuta masa. Na'urar gwajinsa ta ce sukari ya hau, shi kuma ya rantse sai ya sauke shi. Na yi magana, ya ce in rufe masa baki.

Ta kama hannunsa ta shinshina yatsun.

"Kalisti, ruwa da sabulu."

Da kanta ta wanke masa, 'yan tasha na dariya.

"Tsofai-tsofai da ni a wanke mini hannu a bainar jama'a?"

"Da furfurarka da komai. Miƙo ɗayan."

Ta goge hannun ya bushe. Ta zaro sabon tsinken gwaji daga kwalbarsa, ta rufe murfin nan take, ta zura shi a na'urar. Ta tsira masa allura a gefen yatsa, bakin tsinken ya tsotse ɗigon jinin. Muka jira.

Uku.

Sukarinsa ƙasa ya yi, ba sama ba. Da allurar insulin ɗin nan ta shiga, ban san ko da na sake jin muryarsa ba.

"Tsinken nan ba ya ƙarya," in ji ta. "Akwai magani a bakinsa, da ya haɗu da sukari sai ya ba na'urar labari, ita kuma ta rubuta lamba. Amma bai san na jini da na rake ba, duk sukari ne a wurinsa. Kai kuma tun asuba hannunka cikin ruwan rake yake. Rakenka ka gwada, ba jininka ba."

Ta ɗauki gutsure daga tirensa ta tura masa a baki.

"Tauna."

"Ke da kike hana ni kullum?"

"Yau na yarda. Gobe in na kama ka, ni da kai ne."

Ni ba mai yawan magana ba ne. Tun da na gama sakandare ina zaune ba aiki, ina kallon mutane, kuma kaɗan ne suka burge ni. Mama Veneranda, ke ce ta farko.

Ke ce kika gano matar da ke ƙulle tsinkayenta a bakin zani, damina ta jiƙa su suka lalace. Ba ki yi mata tsawa ba, kika ce tsinke ba ya kwana a waje, kamar jariri yake. Ke ce kika kama telan da ke tsaga tsinke gida biyu da almakashi wai don ya daɗe. Shi da bakinsa ya gaya mini sai da kika gama dariya har da hawaye, sannan kika nema masa wasu. Wanda ya aro tsinken maƙwabci ya ƙi shiga na'urarsa, ke yake nema. Wanda ranar lalacewar nasa ta wuce bai sani ba, ke ce kike karanta masa. Ba a biya ki kuɗin zagayen nan ba ko sau ɗaya. Inuwar masu sukari, mai keke ba ta gajiya.

Na gode. Babana yana nan, yana faɗa, yana ferewa. Duk wanda ke aikin lafiya ya ji wannan: lambar da ke fuskar na'ura rabin aiki ce, sauran yana wurin mutumin da ke riƙe da ita. Ku je ku gan shi inda yake neman abincinsa, kamar yadda ta yi.

Makon jiya ta yi ritaya. Gwiwa ta hana ta taka keke, za ta koma Mahenge wurin 'yarta. Muka taru a farfajiyar asibitin, aka dafa shinkafa da kifi, aka yi jawabai. Ana cikin tafi baba ya miƙe, ba wanda ya ba shi izini.

"To, Mama, sai ki tafi. Allah ya raka taki gona." Ya juya ga manyan da ke kan kujeru. "Amma in lambar ta sake hawa, ni kuma ban gane ba, wa zai tsaya a kaina?"