Sanusi Bai Bar Gurbinsa a Banza Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina share ƙofar shago labari ya iske ni: Sanusi ya rasu a asibitin Maradi. Har yanzu ban san inda na yar da tsintsiyar ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne ɗan Gidan Rumji da ya taɓa buga wa ƙungiyar ƙasa lamba shida. Ni tela ce. Shekara da shekaru ni ke ɗinka lambobi a rigunan 'yan ƙwallon da yake horarwa a garin nan. Yaya Rabi yake ce mini.

Ni allo na yi, ban san komai a ƙwallo ba. Shi ya koya mini da maɓallan riga a kan teburin yanka. Ya jera huɗu a baya, ya aza baƙi guda a gabansu.

"Wanga shi ne ni, Yaya. Ba ni cin ƙwallo, ba a tafa mani. Tsakiya nake tsarewa don kada a iske na baya."

Na ce, "Ashe mai gadi ne kai." Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Wata shekara igiyar kekena ta tsinke ana saura kwana uku Sallah. Ya hau babur har Maradi ya sawo. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Kun san sunan da ake jifansa da shi a kasuwa: Buɗe-ƙofa. Saboda wasa guda. Kowa ya gani a tele, lamba shida ya bar tsakiya ya koma gefe, aka bi ta gurbinsa aka ci mu. Daga ranar ba a sake kiransa ƙungiyar ƙasa ba.

Ina tsoron giba, don haka abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa, ba suna, ba lamba.

Ɗaya daga cikin huɗun bayan nan ya shiga wasan da ciwon cinya, ya ɓoye wa mai horarwa don kada a cire shi. Ya roƙi Sanusi ya riƙa rufa masa gefensa. Sanusi ya rufa. Shi wancan ya ci gaba da bugawa shekaru, Sanusi ya dawo gida da suna.

Ba ji na yi an ce ba. Bara mutumin ya zo shagona tare da Sanusi. Ina kan keke ya dafa kafaɗar Sanusi ya ce, "Wallahi bayan girbi zan shiga rediyo in wanke ka."

An yi girbi. An sake shuka.

Ganina na ƙarshe da Sanusi, sati biyu ke nan. Ya rame sosai. Ya kawo tsohuwar rigarsa ta ƙasa, lambar ta ɗaye.

"Ki maida mani ita, Yaya. Mutumin nan ya ce yana tafe. Da ita zan tarbe shi."

Na ce, "Har yau kana jira?"

Ya ce, "Wanda ka rufa ma asiri ba ka tona shi. Shi ke tona kanshi."

Ɗazu aka nuna mini waya. Mutumin ya sa hotonsu, ya rubuta "ɗan'uwana", da alamar kuka har uku. Na karanta sau biyu ina neman maganar nan. Babu.

Malam, in wannan ya iske ka: rigar tana rataye a shagona, na maida lambar. Kwana uku za a yi ana zaman makoki. Ka zo ka ɗauke ta, ka tsaya gaban 'ya'yansa ka faɗa da bakinka. Su ne za su ci gaba da ratsa kasuwar nan.

Allah Ka gafarta wa Sanusi, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wani, Ka haskaka kabarinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Wanda kuma ya taɓa kiransa da sunan nan, ya haɗa da istigfari.