Kujerar Layin Gaba

A ɗakin taron unguwa akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Kujeru. Tun yana da baƙin gashi yake jera su. Watan Agusta shi ne kakarsa: makarantu na dogon hutu, ranaku na musamman kuma sai bin juna suke yi, yau ta matasa, jibi ta masu ɗaukar hoto, gata ta masu aikin agaji. Bai taɓa jin jawabi har ƙarshe ba. Ya share, ya jera, ya koma bakin ƙofa da tsumma a kafaɗa. Wani taron ma sai an watse yake gane ko na su wane ne. In na matasa ne, ba a rasa kujera mai ɗingishi.

Bana gwiwa ta fara yi masa gardama. Manajan ɗakin ya ɗauko wani magidanci mai ladabi, wai ya riƙa kama masa. Tun daga ranar, mabuɗin sito bai ƙara barin aljihun Baba ba.

Da ranar tsofaffi ta matso, manaja ya kira shi ofis, ya ce bana shi za a karrama, layin gaba zai zauna, don haka ya miƙa wa sabon ma'aikacin mabuɗin kada ƙura ta ɓata masa kaya. Baba ya tambaya ko aro ne. Manaja ya yi dariya, ya tashi yana gyara labule.

A gida matarsa ta goge masa riga, tana tsokanarsa wai ango ya tashi. 'Yarsa ta ce ai dama lokacin hutu ya yi. Shi dai takalminsa yake gogewa.

Ran taro ya zauna inda aka nuna masa. Ashe kujerun nan suna da tauri. Aka yi jawabai, aka kira shi, aka ba shi agogon bango, aka tafa.

Da jama'a suka watse, ya naɗe kujerarsa ya nufi sito da ita. Magidancin ya tarbe shi da sauri.

"Kawo, Baba, ka huta."

"Bari dai, ɗana. Ni na zauna a kanta."

Ya jingina ta a muhallinta. Magidancin ya kwashe sauran, ya kulle sito. Baba ya miƙa masa hannu, tafin a buɗe. Shi kuwa ya rusuna, ya kama hannun da hannu biyu, ya yi masa barka, ya ce a gaida mutanen gida. Mabuɗin dai na aljihun magidancin.

Da Baba ya isa gida, matarsa ta juya agogon, ta yaba, ta tambayi inda za a rataye shi.

"Sa shi wajenki," in ji shi. "Ke ce mai aiki da safe."