Ranar da Wurno ta ji muryar Labbo

Labbo maƙerin azurfa ne a Wurno. Allah ya ba shi hannu, amma in yana magana sai ka kai kunne bakinsa.

Zamanin Turawa, wata ranar kasuwa da damina, motar shela mai lasifika ta zo sanar da allurar shanu. Makirfonta ya sha danshi a hanya, sai shuu yake yi. Aka ce wa direba ya kai wa Labbo.

Da ya kwance shi, sai ya tarar da ɗan faifai a ciki, mai kaurin ɓawon albasa, duk ya yi raɓa. Bai taɓa shi ba. Ya ɗumama buntun shinkafa a bakin maƙera, ya naɗe makirfon da ƙyalle, ya binne a ciki.

Da la'asar aka haɗa, direba ya ce, "Baba, gwada mu ji."

Labbo ya yi ƙus-ƙus yadda ya saba: "Ige, ina hurata?"

Murya ta tashi har bakin gulbi! Jakuna suka zabura, mata suka rangaɗa guɗa. Sai ga Ige, matarsa, a guje da ƙwarya.

Ta ce, "Maigida, shekara talatin ina 'mi kac ce?' Yau kam na jiya!"