Takardar Kakana da Mutumin da Ke Goge Mini Rubutu

Shekarun baya, lokacin da zuwa Zurmi bai zama abin dogon tunani ba, abokina da ke kula da wani ɗan ɗakin adana kayan tarihi nan Kaura ya same ni bayan La'asar. Ya ce sun buɗe shafi a intanet, wai shi wiki, inda mutanen Kaura da Shinkafi da Zurmi za su riƙa saka hotunan tsofaffin kaya. Kowa ya rubuta abin da ya sani, wani ya zo ya gyara. Ni nawa aikin karanta takardun Ajami.

Na fara da ta gidanmu. Wani Bafulatani ne ya aiko wa kakana ita, yana gaisuwa, yana cewa zai sauka da shanunsa a gonarsa bayan an kwashe dawa. A ƙarƙashin hoton na rubuta abin da muka tashi muna ji: kakana ya tausaya wa makiyayin da ya rasa masauki, ya ba shi gona.

Bayan kwana biyu na duba, an goge. An sa: "Manomin ne ya roƙi makiyayin ya kawo shanu, don gonar ta samu taki."

Na mayar da nawa. Washegari an sake canzawa. Na sake mayarwa. Ni da na saba idan tawada ta bushe a takarda magana ta ƙare, sai ga wani da ban san fuskarsa ba yana taɓa mutuncin kakana. Na daina jin daɗin tuwo. Ina sallame salla hannuna na neman waya, Allah Ya yafe mini.

Mahaifiyata ta ce, "Kai da wa kake faɗa cikin wayar nan?"

"Inna, wani ne ke son maida kakanmu maroƙi."

Ta ci gaba da tsintar wake.

Rana ta takwas na je wurin abokina na ce ya kori mai goge mini rubutun daga shafin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ka taɓa latsa nan?" Ashe bayan kowane shafi akwai wurin tattaunawa. Saƙo huɗu mutumin ya bar mini, kowanne da sallama da tambayar iyali. Malamin firamare ne a Gurbin Bore, jikan makiyayin. A saƙo na biyu ya saka hoton wata takarda.

Rubutun kakana ne. Ba zai ɓace mini ba, da littattafan da ya kwafa na koyi karatu. Ya ce gonarsa ta gaji, damina biyu gero bai yi ba, don Allah makiyayin ya zo da shanu. Tamu takardar amsa ce kawai.

Ranar kasuwar Zurmi muka haɗu da malamin. Kafin in buɗe baki ya ce, "Baba, ni ban ce kakanka ya yi abin kunya ba. Ku ma dai ku bar cewa nawa ya rasa wurin kwana." A rumfar mai shayi muka zauna, muka jera takardun biyu a shafi ɗaya, ta kakana a sama.

Da na dawo na ba Inna labari, ina jiran ta yi mamaki. Ta ce, "Ai na sani. Ni na riƙa kai musu fura a gonar. Kai ka tambayi waya, ba ka tambaye ni ba."

Har yau, in zan rubuta wani abu a shafin nan, sai na fara leƙa bayansa in ga ko wani ya yi mini sallama. Kuma na kan ji kunya in na tuna kwana takwas na yi ina kare kakana daga maganar da shi ya rubuta da hannunsa.